Jarka Mai Jan Tsumma

Ruwan shukar bana ya sauka ranar Laraba da la'asar. Ina tsakar gida ina kwashe shanya sai iska ta juyo daga gabas, ta kawo ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wanda ke sa tsoho murmushi shi kaɗai. Ni kam tsoro ne ya kama ni. Tun rasuwar Inna haka nake, da hadari ya haɗo, iska ta fara kaɗa dannin kara, sai in ruga murhu in tula wa garwashi ƙasa, ko da tukunya ba ta nuna ba. Ran nan ma haka na yi, muka ci ɗanyen tuwo ni da Baba. Ya cinye nasa. Ya saba.

Washegari da hantsi na ji ƙugin moto, wato babur, a ƙofar gida, da wannan ƙarar da na sani tun ina ƙarama, ƙarar jarkoki marasa komai suna bugun juna. Yayana Hamisu ne ya zo daga Konni, inda yake zaune da iyalinsa yanzu. Na leƙa ta zaure na gan su ɗaure a bayansa, rawaya, sun fi shi tsawo. Muciya na hannuna, ban san lokacin da ta faɗi ba.

Ba haka gidanmu yake ba da. Ƙauyenmu na cikin ƙasar Bazaga, kuma sa'ad da na yi wayo Baba manomi ne, ba shi da wata sana'a. Muna da jaki da garken awaki. Duk rani Hamisu ke jidar taki a mangala zuwa gona, Fulani kuma su sauka da shanunsu a gindin gawo su kwana biyu, a ba su dami. In ruwan shuka ya sauka, Baba na gaba da sungumi yana sara, Inna na bayansa da ƙwaryar iri, ta jefa ta take da diddige, ta jefa ta take, ba ta ko duba ƙasa. Ranar gayyarmu samarin gari ke cika gona, mu yara muna kai fura. Da kaka Inna ce mai zaɓen zangarniyar iri, manya masu cikakken ido, ta ɗaure su daban ta rataye can ƙuryar rumbu. Ko yunwa ta kai ina, ba a taɓa su.

Sai ruwa-ruwa ya zo. Haka muke kiran man fetur da ake ɗaukowa daga Najeriya ta hanyoyin daji, a ɗura a kwalabe a jera bakin titi. Can ƙetare gwamnatinsu ce ke biyan wani kaso na kuɗin man, shi ya sa yake da arha, in ka tsallako da shi nan sai riba. Maƙwabcinmu ya fara, cikin shekara ɗaya ya yi rufin kwano. Baba ya daure damina biyu yana kallo, ta uku ya sayar da jakin da awakin ya sayi moto. Bayan nan ya sa aka sare gawo biyu aka kai wa masu gidan burodi, ya ƙara jarkoki.

Ba zan zagi sana'ar nan ba, don na ci moriyarta. Ita ta kai ni lakwal, makarantar boko, har na samu takardar birbe na shiga lise, babbar sakandare, a Konni, ni kaɗai cikin 'yan matan unguwarmu. Ita ta kawo mana shinkafar waje fara tas, da taliya, da shayi kullum safe. Tuwon hatsi ya koma abin marmari. Gona kuwa sai a yi mata shuka a gurguje, a noma rabi a bar rabi, ba taki, ba gayya. Rumbu ya zauna wayam, Baba ya ga ɓata wuri ne, ya mai da shi ma'ajiyar jarkoki.

A gidanmu ma ba a cika sunan. Ruwa kawai ake cewa. «Ruwa ya iso?» «Ruwa ya yi tsada yau Illela.» Kaka, mahaifiyar Baba, wadda idonta ya riga ya yi rauni, ita ce ba ta yarda da wannan suna ba.

«Wane irin ruwa na wanga,» in ji ta, «ba a sha, ba a alwala, ba shi hidda ko haki? Ku sake mishi suna tun bai sake muku ba.»

Hamisu ya ce, «Kaka, ai shi ka saya miki goro.»

«Goron ma warin shi yaka yi, ɗan nema.»

Gaskiya ta faɗa. Komai namu warin mai yake yi, tufafi, tabarmi, har littattafaina. A lakwal 'yan ajinmu na kirana 'yar gidan mai. Mu kuwa hancinmu ya riga ya mutu, ba ma ji.

Da yake da irin jarkokin nan ne muke ɗebo ruwan rijiya, tulu ya daɗe da barin gari, Inna ta kafa doka. Ta yayyage wani tsohon jan zaninta, ta ɗaura ƙyalle a hannun kowace jarkar ruwan sha, ta jera su jikin danni, daga bakin madafa har kusa da rumbu. Mai jan tsumma ruwa ce. Marar tsumma ba mai taɓa ta sai maza. Yaro ɗan yaye a gidanmu ya san wannan.

Shekarar da nake son faɗa, ina gida hutun ƙarshen shekara. Ana dab da ruwan fari muka ji a rediyo cewa can ƙetare an daina biyan wancan kaso. Mu mata ba mu gane ba, har sai da Baba ya dawo da yamma jarkokinsa na ƙara, ba komai ciki. Ya jingine moto ya zauna bakin turmi, ya daɗe bai tuɓe hula ba.

Inna ta ce, «Malam, lahiya?»

Ya ce, «Ruwa ya ƙahe.»

Kuɗin can ya kamo na nan, ba sauran abin da mutum zai tsallako da shi. Magana ce da wani ya yi a wani birni da ba mu taɓa gani ba, ga ta ta iso har cikin tukunyarmu kafin sati ya zagayo.

Dole aka tuna da gona. Iri babu, don rabon Inna da rataye zangarniya an daɗe. Baba ya auno hatsi a kasuwa, wanda ba mu san ƙasar da ta haife shi ba, muka shuka a makare. Da noma ya zo ya kira gayya, mutum uku suka zo, duk tsofaffi. Gayya ramuwa ce, shi kuwa shekara da shekaru bai taka gonar kowa ba. Samarin ma sun manta riƙon hauya, hannunsu ya saba da kan moto. Mu huɗu muka duƙa, Baba da Hamisu da Inna da ni. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, ya sake yi. Ƙasar ta yi fari fat kamar toka, in ka damƙa ta zube ta tsakanin yatsu. Inda gawo yake da, nan kaɗai hatsi ya yi duhu, da'ira biyu a tsakiyar gona, kamar tabon abin da aka cire.

Muna cikin haka aka rufe boda. Wutar lantarki ta ɗauke a Konni. Manyan motoci suka yi layi har ido bai ganin ƙarshensu, direbobi na dafa shayi a ƙarƙashinsu. Shinkafa ta gagare mu, garin rogo ya gagare mu, abin da muka saba saye da kuɗin mai duk ta hanyar nan yake zuwa. Sai kuma ruwan sama ya ɗauke, a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ke neman ɗaukar ciki.

Zafin kwanakin nan ban taɓa jin irinsa ba. Gari ya waye da gumi, sama ta yi fari kamar kwano. Ganyen hatsi ya nannaɗe tun hantsi. Abin da ya yi kyau a gonar ɗaya ne, wata ciyawa mai jan fure da ta fito gindin kowane kara. Na tsinko na kawo gida don ta burge ni. Kaka ta shafa ta, ta kai hanci, ta jefar.

«Wuta-wuta ce. Gajiyayyar gona taka bi, ta sha jinin hatsi ta ƙarƙashi.» Ta juya wajen da take jin motsin Baba. «Kai ka kawo ruwa-ruwa gida, ita gona ta kawo maka wuta-wuta. Kun yi musaya.»

Da safe kunu ne tsararo wanda kake ganin gindin kwano. Da rana ba a ɗora komai. Ni da Inna mu shiga daji tsinkar tafasa da yaɗiya, a dafa, a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu, in babu a sa dusa da gishiri. Inna kan ce ta ci nata wajen dahuwa. Na san ba ta ci ba, don ɗaurin zaninta kullum ƙara zagayowa yake. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kamar yadda na zata. Jiri ce, da ɗacin baki, da jin haushin kowa ba dalili. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu. Da maza za su fita na biyun Kaka ta ɗaga murya daga ɗaki, «Ku dai bayyana wane ruwan kuka nuhi, kun saba haɗa su!» Har Inna sai da ta yi dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Ita ce dariyarta ta ƙarshe da na gani.

Akwai 'yan jarkoki cike da suka rage a rumbu, na tsohon saye. Baba ya ƙi sayarwa, ko tankin moto bai ɗura ba, yana jiran su ƙara daraja. Ya ce su ne damin da za su kai mu kaka. Sai aka fara raɗe-raɗin za a bi gida-gida neman ɓoyayyen mai, kuma rumbu za a fara buɗewa. Abin da ya yi a kan wannan magana ba mu sani ba sai daga baya.

Ranar Juma'a ce. Baba da Hamisu sun tafi masallaci Bazaga a ƙasa. Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, irin hadarin da muka yi makonni muna roƙo. Inna na madafa tana dafa tafasa, tana cewa, «Allah Ka sa na sauka na, ba na iska ba.» Ta ce in shigar da Kaka ɗaki. Ina riƙe da hannun tsohuwa iskar ta iso gaba ɗaya, ta kwashi garwashi daga murhu ta watsa jikin danni. Karan ya bushe ƙayau. Kafin in zaunar da Kaka wuta ta kama can ƙarshen, wajen rumbu.

Na ji Inna ta ce, «Ruwa! Balki, ruwa!»

Na fizgi ƙwarya na nufi randa. Ita ba ta jira ni ba. Ta ruga ƙarshen layin jarkoki, inda wutar take, ta sunkuya cikin hayaƙi. Na ga ta shafa hannun jarkar, na ga jan tsumman da idona. Ta kwance murfi, ta ɗaga ta da hannu biyu ta watsa.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an kaɗa babban zani ne. Wutar ta biyo abin da ta watsa, ta hau har hannunta. Daga nan na kusa da ita suka kama. Abin da na gani bayan wannan ba zan iya rubuta shi ba. Na san dai maƙwabta sun haura katanga da ƙasa a kwanuka, wata ta lulluɓe Inna da bargo, ni kuma ina tsaye da ƙwaryar ruwa a hannu ina ihu, ban zuba ko ɗigo ba. Rumbu ya ci, madafa ta ci. Sannan ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya kashe sauran. Ina jin yara can cikin gari suna murna suna tsalle a ciki.

Moto na zaure ba mai a cikinsa, man gidan kuma duk ya tashi sama. A amalanken maƙwabci muka ɗauke ta zuwa likita, wato asibiti, a Konni, cikin taɓo. Jakin da ke ja namu ne na da, na gane shi da tsagar kunnensa. Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da mu, yana tafe a gefe riƙe da ƙarfen amalanke, rigar Juma'arsa ta manne masa a jiki.

Ma'aikatan likita sun yi iyakar yinsu. Magani ya yi wuya a garin a lokacin, ga zafi, ga ba lantarki. Ni ke mata fifita da murfin kwali. Duk sanda ta farfaɗo magana ɗaya take yi.

«Balki, da tsumma gare ta. Na duba. Ki hwaɗa ma mutane na duba.»

Abin da ya dame ta ke nan, kada a ce ita mai dokar ita ta yi ganganci. Na ce, «Na gani, Inna, da tsumma.» A rana ta biyu Baba, da ke zaune bakin ƙofa tun zuwanmu, ya taso ya durƙusa gaban gadon. Ya ce shi ne. Da asubar ran nan ya fitar da jarkokin daga rumbu, ya samo ragowar jan zanin ya ɗaura musu, ya sa su can ƙarshen layi don mai bincike ya ɗauka ruwa ne. Ya san daga bakin madafa muke ɗauka, ba za mu kai ƙarshe ba sai bayan kwana biyu. Ya ce a ransa in ya dawo masallaci zai gaya mata.

Inna ta kalli rufi. Ta ce, «Haba Malam. Da ka hwaɗa mini.» Can ta ce, «An yi ruwa?»

Ya ce, «An yi, ƙwarai.»

«To mi kuka yi nan ku duka? Haki na cin gona.»

Ta kwana shida, ta cika. A Konni aka yi mata sutura. Hatsin da muka girbe shekarar bai cika amalanke ba, kuma ba rumbun zuba shi, a ɗakinta muka jibge. Kaka ta bi ta kafin wata damina. Ni ban koma lise ba, don ba mai dafa wa Baba. Tun daga ranar ba na shan ruwa, ba na alwala, ba na zuba wa tukunya, sai na kai hanci bakin abin na shinshina. Ko ni na ɗebo da hannuna daga rijiya sai na yi. A gidan biki ma haka, mata na taɓa juna suna kallona. Na sani. Ba na iya bari.

Shi ya sa da Hamisu ya shigo ran Alhamis ya gaida Baba, na tsaya bayan ƙyaure ina ji. An daɗe da buɗe boda, sana'ar ta dawo da wata fuska. Wani lokaci daga can ake kawowa, wani lokaci daga nan ake kaiwa, duk inda ya fi tsada. Ya ce a Konni ido ya yi yawa, wuri yake so ya riƙa ajiyewa kwana ɗaya ko biyu.

«Baba, ɗiya ukku gare ni. Gonag ga ko ku biyu ba ta ciyar da ku shekara. Can bayan gida zan sa su, ba mai zuwa wurin.»

Ban san na fito ba sai da na ji muryata. «Yaya, don Allah. Don darajar Inna. In sunka kwana gidan ga ni ba ni kwana.»

Ya ce, «Balki, kin ga ina so na? Ni ma ina mafarkinta. Amma mi zan ba yara, mafarki?»

Ba ƙarya ya yi ba. Na dubi Baba. A ƙauyenmu ba a hana ɗan fari ajiya a gidan ubansa, kuma buhun masarar da muka ci da bazara Hamisu ne ya aiko. Baba na zaune yana gyara ƙotar sungumi. Ya buga ta da ƙasa sau biyu ya ji ta zauna.

«Hamisu, ban hana ka neman abincinka ba, ni na koya maka shi. Amma tsakanin katangag ga ruwa guda na. Wanda aka sha.»

Hamisu ya share fuska da hula. Ya ciro ƙullin goro ya ajiye gaban Baba, ya ce mini in yafe shi. Na ji ƙarar jarkokin na nisa har ta ɓace wajen hanyar daji. Ba fushi ya yi ba, kuma ba fasawa zai yi ba. Yanzu kowane ƙugin moto na ji sai in leƙa zaure, ina jiran wanda zai kawo mummunan labarinsa.

Da rana ta ɗan yi sanyi muka tafi gona. Akuya biyu gare mu yanzu, takinsu bai rufe ko kusurwa ɗaya ba. Akwai ɗan gawo da ya tsiro daga tsohon kututture, Baba ya kewaye shi da ƙaya, bai kai ƙuguna ba. Irin kuwa namu ne, ni na zaɓi zangarniyar bara na rataye a ɗakin Inna. Baba na gaba yana sara, ina bayansa ina jefawa ina takewa. Ni sai na duba ƙasa, ban iya irin nata ba.

Da muka kai ƙarshen gona ƙishirwa ta kama ni. Baba ya kwance goran duma da ya rataya a kafaɗa, wanda ya nemo a kasuwa bayan rasuwar, don ya daina sha a roba. Na miƙa hannu. Bai ba ni ba tukuna. Ya cire toshiyar, ya kai hancinsa bakin goran ya shinshina, kamar yadda nake yi, ya kurɓa, sannan ya miƙo mini. Ban taɓa sanin yana lura ba.

«Ruwa na, ɗiyata,» ya ce. «Na rijiya.»

Na karɓa. Na so ƙwarai in sha haka nan don shi. Amma sai da na shinshina, shi kuma ya kau da kai wajen gabas, kamar mai duban hadari, har na gama.